Ruwan da Gwaggo Ta Ce Ana Yi

Shekarun baya, maigidana a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai ya ba ni hutun sati biyu, na ƙudura sai na je ƙauyen mahaifina a arewacin Burkina. A unguwar Nima, nan cikin birnin Ankara, aka haife ni, ban taɓa taka can ba. Mahaifina ya rasu, ƙanwarsa kaɗai ta rage, tsohuwar da muryarta kawai na sani. Ina jin labarin 'yan bindiga a rediyo, amma na ce ai ƙasa da faɗi, ba ko'ina ake yi ba.

Kullum muka yi waya, gwaggo ba ta kashewa sai ta tambaye ni yaushe zan zo. Ran da na ce ga ni nan tafe, sai maganarta ta canza.

"Ɗana, bana ruwa ya yi yawa," in ji ta. "Hanya ta ɓaci. Ka bari ya ɗauke."

Na ce ruwa ba zai hana ni ba. A lokacin mu ma an fara ruwa a Ankara, kwatar Nima har ta soma cika. Ni kuwa, sarkin dabara, na shiga kasuwa na sayo rigar ruwa da takalmin roba.

Mahaifiyata na tsince wake a tsakar gida na shigo da kayan. A can ƙauyen ta girma kafin aure ya kawo ta nan. Da na maimaita mata maganar gwaggo, sai hannunta ya tsaya.

"Wane wata muke ciki?"

Na ce Maris.

"A Maris ko ɗigo ba a yi a can, kwata-kwata. Rijiya ma ƙafewa take." Ta rage murya, alhali daga ni sai ita. "Ba a kiran sunan mutanen nan a waya, ba ka san wa ke kusa da ita ba. Ce maka take kar ka zo."

Kwana uku ina kai da kawo. Na yi fushi da mahaifiyata, na ce tsoro ne kawai irin na tsofaffi. Gaskiya ni ma tsoron nake ji, ina neman wanda zan ɗora wa. Na sake kiran gwaggo, na tambaye ta ko ruwan ya isa garinsu.

"Yana garin maƙwabta. Jiya ya ci mutum shida."

Ban je ba. Hutuna ya ƙare a benci a ƙofar masallaci.

Bayan wata biyu wayarta ta daina shiga. Wani direban motar albasa ne ya kawo mana labari: an tashi ƙauyen, mutane sun fita a ƙafa, gwaggo ba ta kai gari ba. A gefen hanya aka binne ta, shi ma bai san daidai wurin ba.

Mutane suna cewa Allah ne ya tsare ni, kuma haka ne. Amma har yau abin yana cina. Tsohuwar da ta shekara ashirin tana roƙon ta ga ɗan wanta, da bakinta ta hana ni zuwa, ta kuwa san ba za mu sake samun wata dama ba. Ko hotonta ba mu da shi. In 'ya'yana suka tambaye ni kamanninta, sai in ce su je su tambayi kakarsu.