Ƙyallen Kyautar da Ba Wanda Ya Aiko

Ana jibi Chuseok, bikin girbi da 'ya'ya ke kai wa iyayensu kyauta, wani tsoho yana tsaye gaban rumfar Malama Pyo a kasuwar saiwoyi ta Seoul. Rigarsa a goge take, amma wuyanta ya koɗe. Yana shafa kwalayen magani uku: na damuwa, na mantuwa, na rashin barci.

"Baba, wanne ke damunka?" in ji ta.

"Duka ukun, 'yar nan. Amma wanne 'ya'ya suka fi saya wa iyayensu?"

Ta nuna masa jar saiwar jinsen, mai ƙara ƙarfin jiki.

"To, naɗe min da ƙyallen kyauta."

Tana ƙullawa ba ta ɗago ba. Ta san irinsu, waɗanda wayarsu ta daina ƙara.

"Ƙulla da kyau," in ji shi. "Na gaya wa maƙwabta ɗana zai aiko."