Maɓallan Ƙarƙashin Randar Kaka

Duk lokacin da na jiƙa tsamiya zan dama kunu, da ƙamshinta ya bugi hancina sai in tsinci kaina a tsakar gidanmu na Nguru, ina 'yar budurwa, durƙushe gaban Kaka da ƙwarya a tsakaninmu. Yau ma haka ta faru. Shi ya sa na ajiye ludayi na zauna in ba ka labarin, mai karatu.

A shekarun nan ne da tsoro ya rufe ƙasarmu. An kafa dokar hana fita, an ɗauke sabis na waya, an hana hawa babur, makarantarmu kuma a rufe. Wata rana a sassauta da safe mutane su ruga kasuwa, wata rana a wuni ƙofa a garƙame. Ga bazara ta kankama, ganyen darbejiya ko motsi ba ya yi, tabarma kanta zafi take. Gidan da na taso ina ganin faɗinsa ya koma mini akurki, har na san kowace tsaga da ke jikin katangarsa. Mai shagon da nake karɓar hayar littattafan soyayya ya kulle ya bar ni da guda biyu, na karanta su har na haddace shafin da saurayin zai yi murmushi. In na gaji sai in kife littafin a ƙirji ina sauraron ko jirgin ƙasa zai yi kuka daga tasha, alhali na san ya daɗe da daina zuwa.

Baffa, ƙanen mahaifina kuma autan Kaka, yana cikin 'yan agajin da ke tsayawa a ƙofar masallacin unguwa da na'urar nan mai kama da faffaɗar muciya, wadda ake shafa wa mutum, in da ƙarfe a jikinsa ta yi ƙara. Sikana muke ce mata, kuma a gidanmu take kwana. Da zaman gida ya ishe shi, sai ya fara sunkuyawa yana shafa ta a ƙasar tsakar gida, mu kuma muna biye da shi kamar 'yan tsaki. Ya tono ƙusa, ya tono murfin kwalba, ya tono wani tsohon kwabo mai huji. Duk ƙarar da ta yi sai zuciyata ta buga, don a littattafaina abin da ke binne kullum zobe ne.

"Batirin masallaci kake ƙonawa a kan murfin kwalba," in ji Umma daga madafi. Bai ko ɗago ba.

Akwai wata randa a ƙofar ɗakin Kaka wadda tun da na yi wayo ba ta taɓa gusawa ba. Ko lokacin da Baba ya sa aka yi wa tsakar gida siminti, Kaka ta ce a bar mata wannan kusurwar da ƙasarta, ruwa ya fi sanyi a haka. Da Baffa ya kai sikana gindin randar, sai ta ɗauki ƙara ta ƙi yin shiru.

"Kai, bar wurin nan," in ji Kaka daga kan tabarma. Ban taɓa jin muryarta da kaifi haka ba.

"Iya, zinariya kika binne kika bar mu muna fama da garau-garau?"

Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon randar, mafici a hannunta ya tsaya. Can ta ce, "Ɗaga ta. Na gaji da gadinsu."

Ramin ba shi da zurfi. Fartanya ta taɓa wani ruɓaɓɓen tsumma, ya watse, wasu 'yan dunƙule suka zubo kamar ƙwallayen aduwa, ƙasa da koriyar tsatsa sun lulluɓe su. Baffa ya taɓe baki ya ce ko mai gwangwan, mai sayen tsoffin ƙarafa, ba zai saya ba. Kaka ta miƙa hannu biyu ta karɓe su, ta ce in jiƙo tsamiya mai kauri, in ɗebo toka, in karyo tsinken tsintsiya.

Ita ta koya mini aikin. A tsoma a ruwan tsamiya a bar shi ya sha, a fitar, a bi shi da tsinke a hankali kamar ana cire ƙaya daga ƙafar jariri, sannan a shafa toka da yatsa, ba da ƙarfi ba. Ruwan ƙwaryar ya koma kore, hannuwana suna warin tagulla. Sai ga wani abu yana fitowa ƙarƙashin yatsana, da farko rassa, sannan gangar jiki, wata bishiya mai kama da dabino da 'yan haruffa a ƙasanta. Na juya bayansa na ga ɗan kunnen da ake sa zare. Maɓalli ne.

"Na kwat ɗin kakanki ne," in ji ta.

Ban riski kakana ba. Abin da na sani kawai shi ne ya je yaƙin Turawa a ƙetaren teku, kuma ba ɗan Nguru ba ne. A ranar Kaka ta cike mini sauran, tana goge maɓalli tana magana da Hausarta da har ta tsufa ba ta rabu da karin Badanci, yaren mutanen Gashuwa, ba. Jirgi ne ya sauke shi a nan, inda dogo ya ƙare, ya kama dakon gyaɗa a tasha. Ita kuwa Kaka aure ne ya kawo ta daga Gashuwa, daga bakin kogi, gidan masunta. Kullum maganarsa ita ce zai koma garinsu, can nesa ta kudu, danginsa su gan shi cikin kwat ɗinsa na soja, su san bai mutu ba. In jirgi ya yi kuka sai ya ɗauko kwat ɗin, ya goge maɓallan, ya sa, ya je ya tsaya a tasha har jirgin ya tashi, sannan ya dawo ya rataye. Ita kuwa kullum gani take ranar ce ba zai dawo ba. Tana da cikin Baba ta sa reza ta yanke maɓallan gaba ɗaya, ta binne, ta ɗora randa.

Ya nema, ya zazzage ɗaki, ya zargi yaran maƙwabta. Ya ce ba zai shiga garinsu da riga a buɗe kamar wanda aka kora ba, sai ya sami irinsu. Bai samu ba. A Nguru aka binne shi.

Ni fa, mai karatu, hawaye nake yi na daɗi. Na ce, "Kaka, wallahi wannan soyayya ce irin ta littafi!"

"Ke dai uwar littafi," ta ce. "Tun daga ranar ban sake kwana biyu a jere a Gashuwa ba. Biki ko mutuwa, in je in juyo, kada wani ya ɗaga randa ba na nan. Uwata tana jinya ina can ina tunanin randa. Shi bai tafi ba, ni ma ban tafi ba. A wane littafin kika ga haka?"

Muna cikin haka Baba ya shigo daga zaure. Ya ga maɓallan da muka gama jere a faifai suna ƙyalli, ya ɗauki ɗaya ya duba, fuskarsa ta sauya. A kwanakin ana ta raɗe-raɗin bincike gida-gida ya iso unguwar da ke gabanmu, kuma kowa ya san abin da ya shafi kayan soja ba abin da za a gani a gidan mutum ba ne.

"Iya, wa zai tsaya jin labarin yaƙin da aka yi ba a haife mu ba? Ko masai ko rijiya, amma kada la'asar ta same su a gidan nan."

"Na ubanka ne fa."

"Shi ya riga ya kwanta, Iya. Waɗannan yaran nake dubawa."

Ya fita bai jira amsa ba. Babu inda za a kai su, ƙofa a rufe, titi ba kowa. Na ce mu mayar ƙarƙashin randa, Kaka ta nuna sikanar da ke jingine a bango ta ce abin da ta Baffa ta ji, ta wasu ma za ta ji. Sannan ta ce in jawo mata dutsen niƙa.

Ban gane ba sai da na ga ta kife maɓalli na farko a kan dutsen, ta zuba ruwa, ta fara gurzawa. Na riƙe hannunta na ce bishiyar za ta goge. Ta ce ai ita Baba yake nema a jefa masai, tagulla ba ta yi wa kowa laifi ba. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, gumi yana bin zanen fuskarta, ƙarar tana shiga mini haƙori. Bishiyar da na sha wahalar fito da ita ta dusashe, haruffan suka bi ta, aka bar tagulla sumul kamar gindin tasa. Ban taya ta ba, ba ta kuma ce in taya ta ba.

Saura ɗaya da ba mu riga mun tsoma a tsamiya ba, yana nan cikin ɓawonsa na ƙasa da tsatsa, wanda bai sani ba zai ce tsakuwa ce. Ta juya shi a tafin hannu, ta danƙa mini.

"Wannan kada ki wanke shi. Muddin ba a wanke ba, bishiyarsa tana nan."

Da Baba ya dawo ya duba faifan, ya shafa ɗaya da babban yatsa, ya ajiye ya koma zaure. Har aka ɗage dokar babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar gidanmu. Da aka buɗe hanya Baffa ya ce zai kai Kaka Gashuwa ta yi wata guda, tun da yanzu ba randar da za ta yi gadi. Ta ce sai bayan damina. Ƙafafunta ne suka fara ƙi, kafin lokacin girbi ya kama ta rasu. Maɓallan nan masu santsi aka samu a ƙulle a bakin zanenta.

Yanzu ni ce a Gashuwa, aure ya kawo ni garin da ta kasa komawa. Daga soron gidanmu ina hango kogin. Ba dokar hana fita, waya tana hannun kowa, sikana ma an daina shafa ta a masallatai da yawa. Yara a unguwarmu kullum suna jan maganaɗisu a ƙasa suna tara ƙarfe don mai gwangwan, ba wanda ke tambayar na wane ne. Maigidana direba ne, yana ɗaukar busasshen kifi zuwa kudu, ya yi sati biyu, wani lokaci uku. Daren da zai tafi ni nake goge masa riguna, kuma ba zan ɓoye maka ba, akwai lokacin da dutsen guga yake tsayawa a hannuna ina kallon maɓallan rigar. Sai in ninke in sa masa a jaka.

Nawa yana cikin gwangwanin kwalliyata, ƙarƙashin 'yan kunne, har yau cikin ɓawonsa. Ga tsamiya a jiƙe a gabana, mai kauri, daidai irin wadda ta ce in kawo a ranar. Na ɗauko shi ɗazu, na riƙe a saman kwanon har hannuna ya gaji. Na mayar da shi, na rufe gwangwanin. Bari in je in dama kunun nan kafin yara su taso daga makaranta.