Ƙanin Da Ya Kai Ni Soja

Kakana ya taso daga Damagaram da niyyar hajji, ya yada zango a Alƙahira, bai sake tashi ba. Shi ya sa a takarda mu 'yan Masar ne, a gida kuwa Hausa muke yi. A lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne da ya gama jami'a, kaina na hayaƙi, kuma ni kaɗai ne namiji a wurin mahaifina. A dokar Masar, ɗa namiji tilo ana ɗage masa aikin soja na dole muddin ba a yi masa ƙane ba. Na samu aikin koyar da Larabci a Kano, har na sayo akwati a unguwar Abbasiya.

Kwatsam mahaifiyata, da kowa ya ɗauka ta gama haihuwa, ta samu ciki, ta haifi namiji. Gida ya cika da guɗa, ni kuwa na san ɗagin da aka yi mini ya ƙare. Ranar suna, a gaban 'yan barka, na ce wannan jaririn ya gama da rayuwata. Mahaifiyata ta dube ni kawai, ta ce in ji tsoron Allah.

Ba a jima ba aka kira ni soja, aka yi mini ƙwal-kwabo, aka tura ni wani sansani cikin hamada. Wake da safe, wake da yamma, gadi a rana har ƙeya ta soye. Aikin Kano ya tafi ga wani. Da na gama ma ban gama ba, domin sunana na cikin sojojin ko-ta-kwana. Duk sadda aka ga dama sai a kira ni horo, fita ƙasar kuma sai da izini. Na kasa zama wuri ɗaya, na kama wannan aiki na saki, waya ta yi ƙara na zaci kiran soja ne. Haushin nan duka a kan yaron nake sauke shi. Ban taɓa ɗaukarsa ba, ko alewa ban taɓa saya masa ba.

Yana aji ɗaya a firamare aka sake kirana. Ina haɗa kaya na tarar da shi a bakin ƙofa, ya zura ƙafafunsa cikin manyan takalmana na soja, yana jan su da ƙyar. Na daka masa tsawa. Ya ce in zauna, yau shi zai je, tunda an gaya masa shi ya jawo mini. Ya ce in ya dawo, ko zan fara son sa?

Wallahi duk wahalar hamada ba ta karya ni kamar wannan tambaya ba. Na tsuguna na rungume shi, karo na farko, yana ta sandarewa don bai saba ba. Yanzu ya zama saurayi, muna shiri, amma har yau in na shigo ɗaki sai ya miƙe ya gyara tsayuwa, kuma hakan na ci mini rai. 'Yan'uwa, in doka ta matse ku, ku yi fushi da dokar. Ku kiyayi abin da za ku faɗa a kan jariri, domin akwai mai ajiye masa maganar har ya girma.