Darasin Ikilima a Tsakar Gidana

Ikilima maƙwabciyata ce a Yalwawa, katanga ɗaya ta raba mu. Tun maigidana yana raye muke tare, kuma ban taɓa jin muryarta ta ƙetare katangar nan ba. Ma'aikaciya ce a sakatariya, ɓangaren sito. Ta daɗe a kujera ɗaya. Yaran da ta koya wa aiki sun zo sun wuce ta, har ɗayansu ne yake sa mata hannu in za ta tafi hutu. Da maganar naɗa shugaban ɓangaren ta taso, aka ce sai mai babbar takardar kasuwanci. Makarantar da ke ba da takardar kuwa ba ta ɗaukar mutum sai ya ci jarrabawar shiga, rabi Turanci rabi lissafi, a gaban kwamfuta, agogo na tafiya.

Turancin bai dame ta ba. Takan shigo wurina da yamma tana tsintar shinkafa tana karanta tambayoyin a waya. Ta ce tamkar sulhun mata ne: a zuba maka dogon zance, kai kuma ka gano inda hujja ta yi rauni. Lissafin ne ya tsaya mata. Akwai wata tambaya ta famfo biyu da ke cika tanki ɗaya, wani da sauri wani a hankali, wai yaushe zai cika. Kwanaki ta yi a kanta, tankin bai cika ba.

Sai ta ji ana darasin masu shirin jarrabawar ranar Asabar a wata makaranta a cikin gari. Ta sa sabon hijabi ta tafi, ta zauna a layin gaba. Malamin ya shigo, sai ga Abdulrauf, ɗanta na fari.

Tun da aka yaye Abdulrauf kakarsa ta ɗauke shi zuwa Ringim, a can ya girma. Ikilima na kunyarsa irin ta mutanen dā. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, "na Ringim" take cewa, shi kuma yana ce mata Anti. In ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, tana amsawa tana kallon bango. Ta san yana koyarwa a sakandare, amma ba ta san yana darasin Asabar ba, don ba hira suke yi ba.

Ya rubuta tambaya a allo, yana bin layi kowa na gwadawa. Da ya zo kanta sai ya tsallake. Wata yarinya a baya ta ce ai Malam ya manta da Mama. Dole ya dawo, ya tsaya idonsa a ƙasa. Ikilima ba ta san amsar ba, ko da ta sani ma bakinta ba zai buɗe ba. Aka ɗan yi dariya, ba ta mugunta ba. Ana fita shan iska ta sulale, ko jakarta ba ta ɗauka ba.

Gidana ta faɗo. Ta zauna a bakin tabarma har aka kira azahar. Bayan mun idar ta ce, "Yaya, na haƙura da karatun nan. Ɗan da ban taɓa kallon idonsa ba, yau shi ya ga jahilcina." Na ba ta haƙuri, amma na ga maganar ba ta shiga ba.

Washegari bayan la'asar muna zaune da ita a gidana, Abdulrauf ya yi sallama, jakar a hannunsa. Tana jin muryarsa ta shige ɗakina ta saki labule. Ya gaishe ni, ya ga takalminta a ƙofar ɗaki, ya yi kamar bai gani ba. Sai ya gyara zama ya ce yana so ya koya mini lissafi. Na ce ni da ko firamare ban gama ba? Ya ce ba komai.

"Gwaggo, a ce famfo ɗaya na cika tanki cikin awa uku. Kada ki fara da tankin, ki fara tambayar kanki me yake zubawa a awa ɗaya."

Can daga bayan labule aka ce, "Yaya, ki ce masa kashi ɗaya cikin uku."

Na ce masa kashi ɗaya cikin uku. Ya ce Gwaggo ta yi ƙoƙari.

Haka muka riƙa yi duk yamma. Shi ya yi mini bayani, ita ta ba ni amsa, ni ina tsakiya da carbina ina miƙa abin da ban gane ba. Wani lokaci in juya lamba, su duka biyun su gyara mini. In ta kuskure sai ya ce Gwaggo ta sake dubawa, sai in ji ajiyar zuciya a bayan labule.

Da jarrabawa ta matso, ya zo da tambayoyin gwaji ya kunna agogon waya. Lokaci ya ƙare ba mu kai rabi ba. Ya sake washegari, haka. Ya daɗe yana murza biro kafin ya ce, cikin ladabi, amsoshin Gwaggo daidai suke, amma hanyar da suke bi ta yi nisa. In ba a saba da sauri ba, ranar jarrabawa agogo zai cinye komai. Bai kalli labulen ba.

Na miƙe na ce zan duba tukunya. Na daɗe a madafa. Har na ɗauka ta fice ta tafi gida. Sai na ji zoben labule ya motsa, ta ce, "Kai, karanto ta gaba."

Ban fito ba sai da aka kira magariba. Na same ta zaune a bakin ƙofa ta juya masa gefe, hijabi ya rufe rabin fuska, tana amsawa tana kallon randa. Gumi ya jiƙa mata goshi. Bayan ya tafi ta ce in rufa mata asiri, kada mutanen Ringim su ji ta zauna ƙafa da ƙafa da shi.

Ta ci jarrabawar, ba da rata mai yawa ba. Yanzu ƙarshen mako tana makaranta, maganar kujerar kuma tana hannun Allah. Ranar da mata suka shigo yi mata barka, wata ta tambaye ta wa ya koya mata lissafi har ta haye. Abdulrauf na durƙushe a bakin ƙofa, ya zo gaisuwa. Ikilima ta sunkuyar da kai, ta ja hijabi, ta ce wani malami ne da yake zuwa wurin Yaya.