Sarƙa a Tayar Baya

Shekara talatin na yi ina tuƙa babbar mota tsakanin Kano da Gombe. Boko aji uku na yi na gudu, amma in ana maganar taya ban yarda akwai wanda ya fi ni ba. Da wannan girman kan na zo Manchester, wajen ɗana likita a unguwar Longsight.

A hunturun farko 'yata ta haihu a Birmingham. Ranar suna muka wayi gari dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Hukumar gari ta daina zuba gishirin narkar da ƙanƙara a ƙananan tituna, wai an rage mata kuɗi. Ɗana yana asibiti, ya bugo ya ce kada mu fita. Na ce to. Yana ajiye waya na ɗauki makullin motarsa, na ari sarƙar taya wajen maƙwabcinmu mahauci, na ce wa matata Hajiya ta ɗauko tukunyar dambun da ta yi wa mai jego.

Babbar hanya ta cushe, aka karkatar da mu wata 'yar siririya cikin gonaki. A kan wani tudu na tsaya na fito da sarƙar. Ta zo da takarda mai zane, ban ko duba ba. A gida in damina ta kama mu a laka, tayar baya ake ɗaura wa sarƙa, don ita ke tura mota. Na durƙusa na ɗaura a baya, yatsuna kamar ba a jikina suke ba.

Muka fara gangara. A ƙasa akwai kwana, bayan kwanar ƙaramar gada da ruwa baƙi ƙirin. Na murɗa sitiyari dama, motar ta ci gaba da tafiya sak. Na ƙara murɗawa, sitiyarin ya yi sakayau kamar faifai. Na taɓa birki, babu abin da ya canza. Ba gudu muke ba, a hankali muke zamewa, shi ya sa na samu lokacin ganin komai: ruwan, da hannun Hajiya riƙe da murfin tukunya. Na tuna ni na fito da ita, ni kuma na yi wa ɗana ƙarya.

Ba ta yi ihu ba. Cewa ta yi, "Alhaji, ka yafe mini."

Ko salati na kasa. Gaban motar ya shige shingen ƙaya, ta karkace, ta tsaya. Taku biyar ya rage mu kai ruwan.

Wata Baturiya manomiya ta iso da tarakta. Ta zagaya motar, ta shuri tayar baya, ta nuna ta gaba. Turancina bai kai ba, amma na gane: waɗannan ƙananan motocin tayar gaba ce ke jansu, ita ce kuma ke juya su. Takalmi na sa wa ƙafar da ba ita ke tafiya ba. Ta jawo mu, ta mayar da sarƙar gaba cikin ɗan lokaci, ni tsohon direba ina riƙe mata safar hannu.

Na koma kujera. Na ce wa Hajiya ko mu juya gida. Ta ce komawa ma tudu ne, in ja a hankali kawai.

Mun isa Ladywood, unguwar 'yata a Birmingham, bayan la'asar, an riga an raɗa suna. Aka miƙa mata jikanta, ta daɗe tana kallonsa. Surukinmu ya tambayi yadda hanya take.

"Lafiya lau," in ji ta. "Ai da direba na taho."

Ni dai ban iya cin dambun nan ba.