Mai Shan Ruwa a Tsugune

Murjanatu na miƙa wa masu tsere ruwa a rumfa ta ƙarshe, a gasar nan ta bakin tekun Dubai da ake iyo, a hau keke, a ƙarasa da gudu. Masu tsere na fisgar kofi, su kwankwaɗa, su yar.

Ga wani ɗan tsere can baya, siriri, furfura ta fara cin gemunsa, gishirin teku ya bushe masa a wuya. Rana ta ƙona hannayensa, ban da inda safar hannu ke rufewa. A ranta ta ce, wannan mai kai abinci ne a babur, ƙila daga unguwar Hor Al Anz. Motar kwashe waɗanda lokaci ya ƙure wa na tafe a bayansa.

Ya karɓi kofi da hannun dama, ya tsuguna a gefen titi, ya yi bisimilla, ya kurɓa sau uku. Mutum biyu suka wuce shi.

"Yi sauri, Baba, ga mota!" Hausa ta kuɓuce mata.

Ya ɗago yana haki. "'Yata, ban taɓa sha a tsaye ba," ya amsa da Hausa.

Ya danƙa mata kofin a hannu, ya miƙe da ƙyar, ya kama gudu, motar na bin sa a hankali.