Furen Gindin Shinge

Kafin ta taɓa kowane fure, sai tsohuwar ta kwance bakin zanenta, ta ciro ɗan jan ganyen shingen gidanta, ta kara shi da furen a cikin rana tana ƙanƙance ido. Mai sayar da shuke-shuke yana kallon hannunta. Da gani hannun bai saba da ƙasa ba.

"Iya, ruwan ɗorawan nan damina ɗaya yake yi ya mutu."

"Na sani, ɗan nan. Shi ya sa Malam yake sake shuka irinsa duk shekara a gindin jan shingenmu. Ban taɓa tambayarsa wanne ne ba."

Ta ajiye, ta ɗauki wani.

"Bana ya haƙa ramukan, sai Allah ya karɓi abinsa. Suna nan buɗe, ƙasa har ta fara komawa."